Yadda Ake Gano Dalilin Jinkirin Karatu a Haɗakar Faifan RAID na Linux

A ɗauki misalin wani shagon ɗaukar hoto da bidiyon biki a cikin garin Sakkwato. Mai shagon ya haɗa faifan ajiya guda huɗu a cikin kwamfuta ɗaya mai babbar manhajar Linux, ya mayar da su ma'adana ɗaya da sauran kwamfutocin shagon ke ɗauko aiki daga cikinta. Fayil ɗin bidiyon da a da ake kwafewa cikin minti ɗaya, yanzu sai ya ci minti goma. Ga amare da anguna suna jiran aikinsu, ga ayyukan shekara da shekaru duk suna cikin wannan ma'adana. Irin wannan matsala tana iya samun cibiyar jarrabawar kwamfuta, ko ofis, ko makaranta, ko duk wani wuri da ya dogara da uwar garke guda ɗaya.

Abin da mutane suka fi yi a wannan hali shi ne su shiga intanet su kwafo umarnin da aka ce yana ƙara sauri, su liƙa. Wannan kuskure ne, domin sau da yawa jinkirin karatu alama ce ta farko da ke nuna cewa ɗaya daga cikin faifan ya fara lalacewa. Saboda haka ƙa'idar wannan darasi ita ce: a auna kafin a sauya komai, kuma a fara awon daga ƙasa, faifai ɗaya bayan ɗaya, kafin a hau zuwa saitin manhaja.

Mene ne RAID na manhaja?

RAID tsari ne na haɗa faifai da yawa su yi aiki tamkar guda ɗaya, ko don ƙarin sauri, ko don kada bayanai su salwanta idan ɗaya ya mutu, ko don duka biyun. Sunan ya fito ne daga wata maƙala da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a Amurka, suka gabatar a 1988. Ana iya yin haɗin da kati na musamman da ake sakawa a kwamfuta, ana kuma iya barin babbar manhaja ta yi shi da kanta. Na biyun shi ne RAID na manhaja, kuma a Linux ana sarrafa shi da masarrafar mdadm, wadda Neil Brown ya rubuta. Haɗakar takan bayyana da suna irin /dev/md0, faifan kuwa /dev/sda da /dev/sdb da sauransu. Yawancin umarnin da ke cikin wannan darasi suna buƙatar ikon babban mai kula, wato a fara su da sudo.

Mataki na 1: A san saurin da ya kamata a samu

Kafin a ce ma'adana tana jinkiri, sai an san abin da take iya yi. Faifai mai juyawa sau 7200 a minti yakan karanta tsakanin megabayit 150 zuwa 250 a daƙiƙa idan fayil ɗin babba ne kuma a jere yake. Idan ƙananan fayiloli ne barkatai, kan karatun faifan sai ya yi ta tsalle daga nan zuwa can, abin da zai iya bai fi karatu 100 ko kusa da haka a daƙiƙa ba. Shi ya sa kwafe ƙananan hotuna dubu hamsin ya fi kwafe bidiyo ɗaya mai girmansu ɗaukar lokaci, kuma wannan ba cuta ba ce.

Nau'in haɗin ma yana da tasiri. RAID 0 yana rarraba bayanai a kan dukkan faifan, yana da sauri amma faifai ɗaya ya mutu, komai ya tafi. RAID 1 yana ajiye abu ɗaya a faifai biyu. Mutane da yawa suna zaton zai ninka saurin karatu, amma a Linux idan fayil ɗaya ake karantawa a jere, daga faifai ɗaya yake fitowa. Amfanin faifai na biyu yana bayyana ne idan mutum biyu ko fiye suna karatu a lokaci guda. RAID 5 yana rarraba bayanai tare da wani lissafin kariya da ke cin gurbin faifai ɗaya. A ce faifan huɗu ne, kowane yana ba da megabayit 180, to abin da za a sa rai shi ne kusan 540. Idan awo ya nuna 500, babu matsala. Idan ya nuna 60, akwai abin bincike.

Mataki na 2: A tabbatar ba wayar sadarwa ba ce

Idan daga wata kwamfutar ake jin jinkirin, wataƙila faifan ba su da laifi. Wayar sadarwa mai gigabit 1 ba ta wuce megabayit 110 zuwa 118 a daƙiƙa, komai saurin ma'adanar. Haka kuma gigabit yana buƙatar dukkan siraran wayoyi takwas da ke cikin kebul su kasance lafiya. Idan ɗaya ta tsinke, ko bakin kebul ɗin bai matsu da kyau ba, haɗin yana iya faɗawa megabit 100, wato kusan megabayit 11 a daƙiƙa. A duba da wannan umarni, a sa sunan katin sadarwar kwamfutar a maimakon eth0:

ethtool eth0

Idan layin Speed ya nuna 100Mb/s, sai a sauya kebul ko a gwada wani rami a akwatin rarraba sadarwa. Duk lokacin da kwafi ya tsaya cak a kan megabayit 11 ko 12, wannan ne wurin da za a fara zargi. Haka faifan da aka jona ta USB 2.0 ba ya wuce megabayit 35 zuwa 40.

Mataki na 3: A duba halin da haɗakar ke ciki

A kan uwar garken kanta, a rubuta:

cat /proc/mdstat

A haɗaka mai faifai huɗu da ke lafiya za a ga [4/4] da [UUUU]. Kowane U faifai ne mai aiki. Idan aka ga [4/3] da [UU_U], faifai ɗaya ya fita. A RAID 5 wannan yana nufin duk bayanin da ke kan faifan da ya fita sai an karanto sauran ukun an lissafo shi, dalilin jinkirin ke nan. Abin da ya fi jinkirin muni shi ne kariya ta ƙare: wani faifan ya sake fita, an rasa komai. A wannan hali ba a maganar sauri. Abin yi shi ne a kwashe muhimman fayiloli zuwa wani faifai na daban nan take. Umarnin mdadm --detail /dev/md0 zai nuna wane faifai ne ya fita.

Ana iya kuma ganin kalmar resync ko recovery ko check tare da kashi cikin ɗari. Ma'anarsu ita ce haɗakar tana wani aiki a bayan fage, tana raba ƙarfin faifan da masu karatu. Kalmar check binciken lafiya ne na lokaci zuwa lokaci, kuma Debian da Ubuntu sun saba fara shi a daren Lahadin farko ta kowane wata. Idan kwamfutar ba ta kwana a kunne, ko faifan manya ne, binciken yana iya shiga lokacin aiki.

Kalmar resync kuwa tana da alaƙa da ɗaukewar wuta. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, Linux ba ta da tabbacin faifan sun yi daidai da juna, sai ta sake daidaita su bayan an kunna. Faifai mai terabayit 4, a saurin megabayit 150, yana buƙatar sama da awa bakwai kafin a bi shi daga farko zuwa ƙarshe. A wurin da ake sauyawa tsakanin wutar NEPA da janareta sau biyu ko uku a yini, haɗakar tana iya shafe kwanaki ba ta fita daga wannan aiki ba. Maganinsa biyu ne. Na farko UPS ko inbata da zai riƙe kwamfutar a lokacin sauyin. Na biyu taswirar rubutu, wadda ke tuna sassan da ake kan rubutawa don kada a sake bin faifan gaba ɗaya. Idan mdstat bai nuna layin bitmap ba, bayan daidaitawar ta kammala sai a kunna ta da:

mdadm --grow --bitmap=internal /dev/md0

Saurin wannan aiki na bayan fage yana ƙarƙashin fayiloli biyu, speed_limit_min da speed_limit_max, a cikin /proc/sys/dev/raid. Saitinsu na asali kilobayit 1000 da 200000 ne a daƙiƙa. Ana iya rage na biyun a lokacin aiki don masu karatu su samu sarari, amma kada a manta a mayar da shi da dare. A saurin kilobayit 1000, faifai mai terabayit 4 zai ci kusan kwana 46, kuma idan sake gina faifai ake yi, duk tsawon kwanakin nan bayanan ba su da kariya.

Mataki na 4: A auna kowane faifai shi kaɗai

Ayarin raƙuma ba ya wuce saurin raƙumin da ya fi gajiya. Haka haɗakar da ke rarraba bayanai take: ba ta miƙa fayil sai kowane faifai ya kawo nasa kason. Idan mdstat ya nuna komai lafiya amma jinkirin yana nan, sai a nemo raƙumin. A lokacin da ba kowa ke amfani da ma'adanar, a gwada:

hdparm -t /dev/sda

A maimaita wa sdb da sdc da sdd, sau uku kowanne, sannan a yi wa /dev/md0. Wannan gwaji karatu kawai yake yi, ba ya taɓa bayanai. A ce sakamakon ya fito 182 da 179 da 41 da 184. An riga an ga inda matsalar take. Kada a dogara da kwafe fayil ɗaya sau biyu a matsayin awo, domin a karo na biyu Linux daga ƙwaƙwalwar RAM take kawo shi, sai a ga saurin da ba na gaskiya ba.

Wani lokaci faifai yakan ci wannan gwaji amma ya gaza idan aiki ya yi nauyi. Don kama irin wannan, a saka kunshin sysstat, a fara kwafe babban fayil, sannan a wata taga a rubuta:

iostat -x 2

A lura da r_await, wato tsawon jiran kowane karatu a ma'aunin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, da kuma %util. Faifan da ke haɗaka ɗaya ya kamata lambobinsu su yi kusa da juna. Idan uku suna jiran 10 ko 15, na huɗu yana jiran 300 kuma %util ɗinsa ya manne a kusa da 100, shi ke riƙe sauran.

Mataki na 5: Faifan ne, ko kebul, ko zafi?

Kowane faifai yana ajiye rahoton lafiyarsa, ana kuma karanta shi da smartctl daga kunshin smartmontools:

smartctl -a /dev/sdc

Layuka huɗu ne suka fi muhimmanci, kuma lambar da ke ƙarshen layin ake dubawa. Lamba 5 tana ƙirga sassan da suka lalace aka sauya musu wuri. Lamba 197 tana ƙirga sassan da faifan ya kasa karantawa yana jiran ya ga yadda zai yi da su. Lamba 198 sassan da ba su gyaru ba ne. Idan waɗannan sun tashi daga sifili, musamman idan suna ƙaruwa daga mako zuwa mako, faifan yana kan hanyar mutuwa. Lamba 199 kuwa kurakuran da ke faruwa ne a kan hanya tsakanin faifai da kwamfuta. Idan ita ce ke hawa, a zargi kebul ɗin SATA ko bakinsa kafin a zargi faifan. Kebul bai kai kuɗin faifai ba ko kusa, don haka shi ake fara sauyawa.

Shaidar kebul tana fitowa a rahoton babbar manhaja ma:

dmesg | grep -i sata

Faifan zamani ya kamata ya nuna 6.0 Gbps. Idan kurakurai suka yi yawa, Linux tana rage saurin haɗin da kanta zuwa 3.0 ko 1.5. Haɗin 1.5 ba ya wuce megabayit 150 a daƙiƙa, kuma kowane kuskure yana sa a dakata a sake gwadawa.

Sai zafi, wanda lamba 194 ke nunawa. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a Sakkwato yakan haura digiri 40, kuma cikin akwatin kwamfuta ya fi ɗaki zafi. Faifai masu juyawa da yawa iyakar da masu ƙera su suka sa ita ce digiri 60. Faifan SSD kuwa, musamman nau'in NVMe, suna rage saurinsu da kansu idan suka yi zafi sosai don kada su lalace. Idan ma'adana tana gudu da safe amma tana ja da ƙafa bayan azahar, a auna zafin a lokutan biyu a kwatanta. Hunturu ma yana da nasa rabon a wannan matsala: ƙurar da ta taru daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana toshe fanka da ramukan iska, sai bazara ta zo ta tarar da akwatin ba ya numfashi. Ya kamata a kashe kwamfutar a hure ƙurar kafin zafi ya shigo, a ɗaga ta daga ƙasa, a kuma bar tazara tsakanin faifan don iska ta ratsa.

Mataki na 6: Faifan da bai dace da haɗaka ba

Idan karatu yana tafiya lafiya sai ya tsaya cak na tsawon daƙiƙa 30 ko fiye sannan ya ci gaba, wataƙila faifan kwamfutar gida ne aka saka a haɗaka. Irin wannan faifai idan ya ci karo da sashe mai wuyar karatu yakan nace yana gwadawa har minti ɗaya ko biyu. Linux kuwa daƙiƙa 30 take jira kafin ta ɗauka faifan ya daina amsawa, kuma hakan na iya sa a fitar da shi daga haɗakar. Faifan da aka yi domin uwar garke yana haƙura cikin daƙiƙa 7, ya bar haɗakar ta ɗauko bayanin daga sauran. A duba da:

smartctl -l scterc /dev/sda

Idan faifan yana karɓar saitin, umarnin smartctl -l scterc,70,70 /dev/sda zai sa masa iyakar daƙiƙa 7. Idan ba ya karɓa, sai a ƙara lokacin jiran Linux zuwa 180 a fayil ɗin /sys/block/sda/device/timeout. Wannan na biyun yana gogewa duk lokacin da aka sake kunna kwamfuta, na farkon ma haka yake a faifai da yawa, don haka sai an sa su cikin umarnin da ke gudana a farkon tashi.

Mai sayen sabon faifai kuma ya duba ko nau'in CMR ne ko SMR. Faifan SMR yana jera layukan bayanai wani a kan gefen wani, abin da ke sa rubutu mai tsawo ya yi nauyi ƙwarai, kuma karatu yana shan wahala idan faifan na cikin wannan hali. A 2020 kamfanin Western Digital ya tabbatar cewa wasu faifansa na WD Red masu terabayit 2 zuwa 6 SMR ne, daga baya ya ware na CMR ƙarƙashin sunan Red Plus. Don haɗaka, CMR ake nema, kuma lambar samfurin da ke jikin faifan ita ake bincikawa a shafin kamfanin kafin a biya kuɗi.

Mataki na 7: Saitin manhaja

Sai an tabbatar faifan duka lafiya suke, kowane yana ba da saurinsa, amma /dev/md0 bai kai lissafin mataki na farko ba, sannan ake taɓa saiti. Wanda ya fi tasiri a karatu shi ne yawan bayanan da Linux ke karantowa gaba kafin a nema:

blockdev --getra /dev/md0

Lambar tana ƙirga sassa ne masu bayit 512, wato 256 daidai yake da kilobayit 128. A mdadm na yanzu kowane faifai yana karɓar yanki mai kilobayit 512 kafin a wuce na gaba. Idan karatun gaba bai kai ya ratsa dukkan faifan ba, ɗaya ne zai riƙa aiki sauran suna zaune. Ana iya gwada blockdev --setra 16384 /dev/md0, wato megabayit 8, a sake awo da babban fayil. Idan akwai LVM a saman haɗakar, a duba nasa saitin ma. Wannan yana taimakon manyan fayiloli irin na bidiyo, amma yana iya cutar da rumbun bayanai mai karatu barkatai, irin na rajistar ɗalibai. Shi kuwa stripe_cache_size da ake yawan ambata, rubutu ya fi shafa, ba kasafai yake gyara jinkirin karatu ba. A sauya abu ɗaya kawai a lokaci guda, a rubuta lambar da aka samu kafin da bayan sauyin.

Idan an gano faifan da ke mutuwa

Farko a kwafe muhimman bayanai zuwa wani wuri, domin sake gina haɗaka yana tilasta wa sauran faifan karatu daga farko har ƙarshe, kuma a lokacin ne wani raunin da ya ɓoye yake bayyana. Sannan a rubuta lambar jikin faifan da smartctl -i ya nuna, saboda sunaye irin sdc suna iya sauyawa bayan sake kunnawa, kuma cire lafiyayyen faifai bisa kuskure yana iya rusa haɗakar. Idan akwai ramin SATA da ba a amfani da shi, gara a jona sabon faifan tsohon yana nan, a raba shi daidai da sauran, sannan:

mdadm /dev/md0 --add /dev/sde1
mdadm /dev/md0 --replace /dev/sdc1 --with /dev/sde1

Ta wannan hanya kariyar tana nan har a gama kwafin. A zaɓi lokacin da ake da tabbacin wuta na tsawon awannin da aikin zai ci, a kuma tanadi man janareta.

Bayan an gama, a sa adireshin imel a layin MAILADDR na fayil ɗin mdadm.conf, a tabbatar kwamfutar tana iya aika saƙo, don a samu labari ranar da faifai ya fita. A kuma ajiye littafi ko fayil da ake rubuta sakamakon hdparm da lambobi 5 da 197 da 199 da 194 na kowane faifai sau ɗaya a wata. RAID yana kare bayanai daga mutuwar faifai ne kawai, ba ya kare su daga gogewa bisa kuskure, ko sata, ko gobara, ko wuta mai ƙarfi da ta ƙona kwamfutar gaba ɗaya. Don haka kwafi na biyu a faifai na daban, wanda ake ajiyewa a wani gini, yana cikin aikin mai kula da ma'adana kamar yadda awon sauri yake.